Wa ke sa ido a kan masu kulob? Amsa ga ƙanena ɗan Tudun Wada

Wani ƙanena daga Tudun Wada ya turo min tambaya, yace Yaya mu a gidan kallo muna gani an cire wa Everton maki saboda lissafin kuɗi kawai, amma a nan ɗan wasa zai yi watanni ba albashi kuma ba abinda ake yi wa kulob ɗin, shin doka ce babu ko me? Sannan ya ƙara da cewa idan gwamnatoci suka sakar wa ƴan kasuwa kulob-kulob ɗin nan, matsalar za ta ƙare?

Toh ƙanena, na daɗe ina aikin ofis a harkar ƙwallo a nan Kaduna, ɓangaren takardu da kuɗi, rajistar ƴan wasa, kwantiragi, fayil ɗin lasisi da sauransu, don haka zan baka amsa daga abinda idona ya gani da kuma abinda kowa zai iya bincikawa. Doka akwai ta. Wallahi idan ka karanta littafin dokokin lig ɗin Najeriya zaka ɗauka a Jamus kake, akwai sharaɗin biyan albashi, akwai sharaɗin likita da motar asibiti, akwai batun kulob ya zama kamfani mai rajista, ya kawo lissafin kuɗinsa da masu bincike suka duba, ya nuna yana da ƙungiyar matasa, har mafi ƙarancin albashi an taɓa yankawa zamanin LMC, kamfanin da ya tafiyar da lig ɗinmu a da, naira 150,000 a wata. Abinda babu shine mutumin da zai iya ɗaga wannan littafin a gaban mai kulob ya ce masa ka saɓa, kuma gobe ya tashi yana nan a kujerarsa. Wanda aka ce ya sa ido, abincinsa yana hannun wanda zai sa wa idon. Kamar ace mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo shine kuma aka ɗora wa duba mudun kasuwa, kai ma ka san mudunsa ba zai taɓa yin ƙaranci ba.

Bari in fara da waye ma mai kulob a ƙasar nan. Ka ɗauki jerin ƙungiyoyin lig ɗin firimiya namu ka duba, Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, Plateau United ta Filato, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi ta Borno, Katsina United, Niger Tornadoes, Nasarawa United, Kwara United, can kudu Enyimba ta Abiya, Rangers ta Inugu, Rivers United, Shooting Stars ta Oyo, duk na gwamnati ne. Masu zaman kansu ƴan kaɗan ne. Toh a irin wannan kulob ɗin waye zaka kama idan an yi ba daidai ba? Ciyaman zai ce maka shi naɗa shi aka yi kuma ba a sako kuɗi ba, kwamishinan wasanni zai ce fayil yana ofishin mai girma gwamna, ma'aikatar kuɗi zata ce ba a sa hannu ba, shi kuma gwamna ba wanda ya isa ya kira shi gaban kwamitin ladabtarwa na lig. Kulob ɗin na kowa ne kuma ba na kowa bane. Gwamna ya sauka, wanda ya hau ya rushe shugabannin ya kawo nasa, su kuma sababbin su ce bashin da suka tarar ba su suka ci ba, shikenan yaron da ya buga kaka guda cur da ƙafarsa ya bi iska.

Na taɓa zama a ofishin wata ƙungiya, ba zan faɗi suna ba, ranar Juma'a da yamma wasan waje yana ranar Lahadi a wani gari mai nisan gaske, mota tana tsaye a waje yara sun zuba jakunkunansu a ciki tun azahar suna zaune a inuwa, mu kuma muna jiran a sako kuɗin mai da na masauki. Sai bayan isha'i kuɗin ya fito, kuma bai cika ba. Haka aka kama hanya cikin dare, aka isa a gajiye, aka buga, aka sha kashi, Litinin aka kira koci ana tambayarsa me ya sa baya cin wasan waje. Ba wanda ya tambayi wanda ya riƙe takardar a teburinsa. Wannan ba labarin ƙungiya ɗaya bane, duk wanda ya yi harkar nan zai ce maka ya ga irinsa.

Yanzu ka hau sama ka duba masu sa idon. A zaɓen NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, na 2022 da aka yi a Benin, wanda Alhaji Ibrahim Musa Gusau ya ci, kujerun masu zaɓe 44 ne a ƙa'ida, 37 daga ciki na shugabannin hukumomin ƙwallo na jihohi 36 da Abuja ne. Sauran bakwai ɗin ne aka raba wa lig-lig da alƙalan wasa da kociyoyi da ƴan wasa. Su kuma waɗannan shugabannin na jihohi, ofishinsu yawanci a cikin filin wasan gwamnati yake, gasar da zasu shirya sai gwamnati ta taimaka, da yawansu ma sai da yardar gidan gwamnati suke hawa kujerar. Kaga zagayen kenan, gwamna ke da kulob, gwamna ke da fili, mutumin da ke kusa da gwamna ke zaɓen shugaban hukuma, hukuma ke naɗa masu tafiyar da lig, sannan a ce lig ɗin ya hukunta kulob ɗin gwamna. Ba wai ina cewa mutanen banza ne a wurin ba, a'a, na san masu gaskiya da yawa a cikinsu, amma tsarin da kansa baya barin mai gaskiya ya yi aiki.

Ita kanta hukumar lig ɗin ka duba tarihinta. An fara lig na ƙasa a 1972, aka maida shi na ƙwararru a 1990, daga nan sunaye da shugabanci suka yi ta canzawa. LMC ta zo wajen 2013, Nduka Irabor ya fara jagoranta sannan Shehu Dikko, ta yi kusan shekara goma tana tafiyar da lig, sai a 2022 ministan wasanni na lokacin Sunday Dare ya fito ya ce gwamnati bata amince da ita ba, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. Ko kana goyon bayan LMC ko baka yi, ka tsaya ka yi tunani, kamfanin da ya sa hannu a kwantiragi da masu tallafi da gidajen talabijin shekara da shekaru, rana ɗaya a ce babu shi. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba biliyoyinsa a inda takarda ɗaya daga ofishin minista zata iya share komai? Kafin nan ma ga rikicin shugabancin NFF tsakanin Chris Giwa da Amaju Pinnick da aka yi ta ja daga 2014 har 2018, kotu ta ce wannan, FIFA ta ce wancan, jami'an tsaro a ƙofar ofishin hukuma a Abuja. A 2014 ɗin har FIFA ta dakatar da Najeriya na ƴan kwanaki bayan wata kotu a Jos ta sauke shugabannin hukumar.

Wannan dokar ta FIFA ta hana katsalandan ɗin gwamnati, dalilinta mai kyau ne, don kar shugaban ƙasa ya wayi gari ya rushe ƙwallo saboda fushi, kamar yadda shugaba Jonathan ya so janye Super Eagles na shekara biyu bayan gasar duniya ta 2010 kafin ya janye maganar. Amma a aikace ta zama garkuwa. Duk sanda wani ya ce a kawo lissafin kuɗi sai a ce kul, FIFA zata dakatar damu. Kuɗin jama'a ne ke shiga, amma jama'a basu da ikon tambaya. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Sai batun lasisi, wanda nan ne na fi sani. A ƙa'ida kafin a fara kaka kowane kulob zai kawo fayil, a duba filinsa, a duba ma'aikatansa, a duba takardun shari'a da na kuɗi, a tabbatar baya da bashin ƴan wasa. Abinda na sha gani shine ana saura ƴan kwanaki a rufe sai a fara guje-guje, a nemo wani likita a karɓi kwafin takardarsa a saka a fayil alhali bai taɓa zuwa atisaye ba, a tara yara a basu wata takarda su sa hannu cewa an biya su komai, kuma su sa, don wanda ya ƙi ba za a yi masa rajista ba. Na ga yaro yana sa hannu a irin wannan takardar hannunsa na rawa, yana bin albashin watanni, matarsa ta kusa haihuwa, ya ɗago ya kalle ni yace Oga in na sa zasu biya ko? Kwantiragin ma da yawansu ba a basu kwafi, sai ranar rigima yaro ya gane bai da komai a hannu. Ita kuma hukuma fayil take dubawa, fayil kuwa ya cika tsaf. Ba wanda zai ce a kawo takardar banki a ga ranar da kuɗi ya shiga asusun kowane ɗan wasa, alhali wannan ne kaɗai shaidar da bata ƙarya.

Kuma kar ka ɗauka wannan wasan takarda ne kawai, rai ake rasawa. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a fili a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, yaron ya rasu. A takarda akwai motar asibiti a filin. Wanda ya kamata ya murza makulli kafin a busa usur ya ga ko tana tashi, shine babu.

Haka abin kunyar 2013, lokacin da ake neman hawa daga ƙaramin rukuni, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, a rana ɗaya a lokaci ɗaya. An hukunta, an kori ƴan wasa da jami'ai har abada, an dakatar da ƙungiyoyin shekara goma, amma an yi ne saboda duniya ta ji kuma ƙungiyoyin ƙanana ne. Tambayar da nake yi kullum ita ce, da ci biyu da nema aka shirya, wa zai sani? Ina alƙalan wasa da kwamishinan wasa suke har ƙwallo ta shiga raga sau saba'in? A ƙananan rukuni inda na yi aiki na ga yadda mai masaukin baƙi ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalan wasa da abincinsu da kuɗin motarsu, toh mutumin da ka kwanar ka ciyar, kuma ya san ta ƙofar magoya bayanka zai fita, da wuya ya ba abokin karawarka fenareti a minti na casa'in.

Mu dawo gida Kaduna, don mu mun ɗanɗana kowane iri. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta sha kashi a hannun Bizerte ta Tunisiya, a 1989 ta ɗauki kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Manyanmu har yau suna bada labarin yadda fili ke cika. Ƙungiya ce da ta tsaya da ƙarfin aljihun mutum ɗaya, da aljihun ya ja baya sai ita ma ta ja baya. Kaduna United ta gwamnati ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010 bayan ta doke Enyimba a bugun fenareti, ƴan shekaru kaɗan bayan nan ta faɗi daga babban rukuni. Sannan Kada City ta hau firimiya, muna murna Kaduna ta dawo, a 2019 gurbin ya koma hannun Delta Force, daga baya a shekarar ita ma Delta Force ta sayar wa Kwara United wadda ta faɗi a fili ta dawo ta hanyar ciniki. Ka duba wannan da kyau ƙanena. Gurbi ɗaya ya tashi daga Kaduna ya je Delta ya ƙare a Ilori cikin shekara guda, ba wanda ya tambayi ƴan kallon da suka sayi tikiti, kuma ƙungiyar da aka ce ta faɗi bata faɗi ba. In dai ana iya sayen gurbi, me ya rage wa faɗuwa da hawa? Garin da ke da filin Ahmadu Bello, wanda ya karɓi gasar duniya ta matasa a 1999 da ta ƴan ƙasa da 17 a 2009, ya yi shekaru yaransa basu da ƙungiyar da zasu je kallo a babban lig, sai Chelsea da Madrid a gidan kallo.

Toh yanzu rabin tambayarka na biyu, ko ƴan kasuwa ne mafita. Ni ina son masu zaman kansu su shigo, kuma abinda ɗan kasuwa Kunle Soname ya yi da Remo Stars abin a yaba ne, ya gina fili da makarantar horar da yara a Ikenne, ya yi haƙuri shekaru har suka ɗauki lig a 2025. Na ji daɗi kuma da ɗanmu Sadiq Umar, ɗan wasan Super Eagles, ya zuba jari a Ranchers Bees. Amma mun taɓa yin zamanin masu zaman kansu ai. Ina Abiola Babes? Ina Leventis United? Ina Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978? Ina BCC Lions ta Gboko da ta ɗauko kofin Afirka a 1990, ina Udoji United? Kowacce ta tafi da mai ita ko da kamfaninta. Giwa FC ma korar ta aka yi daga lig a 2016 bayan ta ƙi fita wasanni. Mai kuɗi ɗaya da ba a sa masa ido haɗarinsa bai fi na gwamna sauƙi ba, shi ma rana ɗaya zai iya gajiya ko ya faɗi zaɓe ko kasuwa ta juya masa.

Ingilan da kake kallo ma haka ne, kar cire makin Everton ya ruɗe ka. Tun 2004 suke da gwajin cancantar mai sayen kulob, amma a shekarun baya gwajin ya fi duba ko an taɓa ɗaure ka ko ka taɓa karyewa, bai cika duba ko kana da kuɗin riƙe ƙungiyar ko me kake nufi da ita ba. Bury, ƙungiyar da aka kafa tun 1885, wadda ta ci kofin FA sau biyu, wani mutum Steve Dale ya saye ta a kan fam ɗaya a ƙarshen 2018 ba tare da ya gamsar da hukumar lig cewa yana da kuɗin tafiyar da ita ba, albashi ya tsaya, a watan Agusta 2019 aka kore ta daga lig. Shekara sama da 130 ta tafi cikin wata tara. Wigan ta shiga hannun masu kula da bashi a 2020 makonni kaɗan bayan sabon mai ita ya karɓa, aka cire mata maki 12 ta faɗi. Derby an cire mata 21. Portsmouth a kakar 2009 zuwa 2010 ta ga masu ita har huɗu kafin ta durƙushe. Kuma ka lura da wa ake hukuntawa, makin ƙungiya ake cirewa, wato ƴan kallo da ƴan wasa ne ke shan wahala, shi wanda ya jawo ya kama gabansa.

Ƴan Manchester United na Tudun Wada su zasu fi gane wannan. Iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar a 2005 a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin bashi suka ciyo sannan suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da bata da bashi. Doka bata hana ba. Shekara ashirin ana biyan ruwa daga kuɗin tikiti da na talabijin, rufin Old Trafford yana yoyo. Abramovich ya riƙe Chelsea daga 2003 ba wanda ya matsa da tambayar asalin dukiyar sai da yaƙin Yukren ya tashi a 2022 gwamnati ta ƙaƙaba masa takunkumi, ƙungiyar ta wayi gari ko tikiti bata iya sayarwa yadda ta saba. Da asusun zuba jarin Saudiyya ya sayi Newcastle a 2021, hukumar firimiya cewa ta yi an bata tabbaci gwamnatin Saudiyya ba ita zata juya ƙungiyar ba, alhali Yarima mai jiran gado ne shugaban asusun. Dalilin duk wannan ɗaya ne da namu, firimiyar Ingila kamfani ne da ƙungiyoyi 20 ɗin suka mallaka, ba a canza doka sai 14 sun yarda, wato waɗanda za a ɗaure su ne ke zaɓen igiyar. Everton an cire mata 10 aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara sannan aka ƙara 2, Nottingham Forest aka cire 4, saboda sun wuce iyakar asarar da doka ta yarda ƙungiya ta yi a shekara uku, amma tuhume-tuhume 115 da aka yi wa Manchester City a Fabrairun 2023 suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru saboda ita tana da lauyoyin da zasu ja.

Bambancinmu da su shine su da abin ya ishe su sun yi wani abu. Da manyan ƙungiyoyi 12 na Turai, shida daga Ingila, suka sanar da Super League, wata gasa tasu ta daban da zasu ware su riƙa bugawa, a Afrilun 2021, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya rushe. Gwamnati ta sa ƴar majalisa Tracey Crouch ta yi bincike tare da magoya baya, rahoton ya fito ƙarshen shekarar, aka yi ta ja har a Yulin 2025 dokar kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido a ƙwallon Ingila ta tabbata. Hukumar ba ta zaɓar ƴan wasa ba ta shirya jadawali, aikinta lasisi da kuɗi da cancantar masu kulob, da kare abubuwa irin su filin ƙungiya da tambarinta da launin rigarta. Ko zata yi aiki, lokaci ne zai nuna, amma sun amsa cewa lig ba zai iya zama alƙalin kansa ba.

Jamus tsarinsu daban, ƙa'idar 50+1, mambobin ƙungiya su ke riƙe da rinjayen ƙuri'a ko nawa ɗan kasuwa ya zuba, in banda irin Leverkusen da Wolfsburg da kamfanoni suka daɗe da su, kuma RB Leipzig ta samu hanyar zagaye ƙa'idar. Faransa suna da hukumar DNCG da ke duba asusun kowace ƙungiya duk shekara kuma tana iya saukar da kai rukuni ko ka ci wasanninka, Bordeaux mai kofunan lig shida ta gani a 2024. Afirka ta Kudu kuwa da muke yabon kuɗin lig ɗinsu, ciwonmu na sayar da gurbi suna da shi, Bidvest Wits mai kusan shekara ɗari an sayar da gurbinta a 2020, Bloemfontein Celtic mai ɗimbin magoya baya aka sayar a 2021 ta koma Royal AM a wani lardi, ita ma a 2025 aka kore ta daga lig. Kuma shugaban lig ɗin nasu Irvin Khoza shine shugaban Orlando Pirates.

In ka tambaye ni me ya kamata a yi a nan, ba sai mun kwafo Ingila ba, kuma bana ganin gwamnoni zasu saki kulob gobe, a wasu jihohin ma in suka saki mutuwa zai yi don babu kamfanin da zai ɗauka. Abinda zai yiwu shine a raba mai bada lasisi da mai tafiyar da lig. A samu kwamiti na akantoci da lauyoyi da wa'adinsu a rubuce, wanda shugaban hukuma ko minista ba zai iya kora don ya fusata ba, kuɗin aikinsu a cire kai tsaye daga kuɗin tallafin lig tun kafin a raba. Kowane kulob, na gwamna ne ko na attajiri, ya ajiye albashin wasu watanni a wani asusu da ba zai iya taɓawa ba kafin a bashi jadawali, in ya gaza biya a ɗauka a biya yara sannan a cire masa maki a kakar da ake ciki, ba bayan an gama ba. Albashi ta banki kawai. Kwantiragi kwafi uku, ɗaya a hannun yaro. Alƙalan wasa lig ya biya su ya kwanar da su har a ƙananan rukuni. Gurbi kuma in za a sayar, ƙungiyar ta zauna a garinta da sunanta, kuma wadda ta faɗi a kakar kar a bari ta saya. Yanzu da kuɗi ya fara shigowa, an yi yarjejeniyar talabijin da StarTimes a 2023 bayan shekarun da lig ya yi babu talabijin na kirki tun tafiyar SuperSport, ga kyautar zakara da ta tashi daga naira miliyan 100 da Enyimba ta samu a 2023 zuwa 200 a 2025, lig yana da abin riƙewa a hannu, zai iya cewa ba lissafi ba kaso.

Kulob ɗin gwamnati kuma a maida shi kamfani na gaske, gwamnati ta riƙe kasonta, a sayar wa ƴan gari sauran, ƴan kasuwar Sheikh Gumi da ƴan Panteka da ma'aikata da ku ƴan gidan kallo, kowa da katinsa da ƙuri'arsa a taron shekara. Mutum dubu goma masu kati sun fi ƙarfin a tashi dare ɗaya a sayar musu da ƙungiya.

Kai kuma a matsayinka na ɗan kallo akwai abinda zaka iya tun yanzu. Kuɗin kulob ɗin gwamnati yana cikin kasafin kuɗin jiha, a ƙarƙashin ma'aikatar wasanni, kuma Kaduna tana cikin jihohin da ke wallafa kasafinsu a intanet, ka sauke ka nemi layin ka ga nawa aka ware. Ɗan majalisar jiha na mazaɓarku yana da ikon tambayar nawa aka saki a ciki, ku je ku same shi ku da yawa, ƙungiyar magoya baya ta rubuta takarda. In kulob ya ce shi kamfani ne, sunansa yana rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana iya dubawa a ga su waye daraktoci. In kuma kana da ƙani ko aboki da zai sa hannu a wata ƙungiya, dan Allah ka raka shi, ku karanta takardar tare, ku tabbatar an rubuta albashi da ranar biya da abinda zai faru in ya ji rauni, ya ɗauki hotonta a waya kafin ya miƙa, kuma duk takardar da ta ce an biya shi alhali ba a biya ba kar ya sa mata hannu ko wa ya kawo ta.